Na Cire Takunkumi Don Muryata Ta Fita

Assalamu alaikum, ku da kuke tare da ni a wannan shafi. In kun ga kuskure a rubutun ku yi mini uzuri. Ga wanda yau ya fara cin karo da ni, sunana Hafiza, malamar lissafi ce ni a wata firamare da ke Unguwar Dosa, gidanmu kuma yana Malali. Ina zaune da Baba da Mama da yayana Alhassan, wanda dokar kullen korona ta ritsa da shi a gida ya kasa komawa wurin aikinsa a Abuja. Bayan 'yan gida akwai kuma Sharhabil, wanda yake nemana da aure. Malamin kwamfuta ne a wata makarantar, mutumin Kano, aiki ne ya kawo shi Kaduna.

Makarantu sun jima a rufe lokacin da shugabar makarantarmu, Hajiya Balaraba, ta kira ni a waya.

"Malama Hafiza, gobe ki shirya, motar ofishin ilimi za ta zo ta ɗauke ki. Za a fara koyar da yara ta rediyo da ta waya, na ba da sunanki a lissafi."

"Hajiya ni? Ban taɓa magana a rediyo ba."

"Wa ya taɓa a cikinmu? Ki dai sa takunkumi ki zo."

Washegari na sa atamfata mai ruwan toka, na zura dogon hijabi baƙi, na ɗaura takunkumin da telar layinmu ta ɗinka mana da ƙyallen shadda. Titi fayau, kamar an share mutane da tsintsiya. Daga Malali har ofis ban ga komai ba sai shingen jami'an tsaro da awaki. A ɗakin taron an wawware kujeru nesa da juna, kowa yana leƙen ɗan'uwansa ta saman takunkumi. Wani malami ya yi atishawa, wallahi sai da ɗakin ya yi tsit.

Sakataren ilimi ya yi bayani. Ba wanda ya san ranar da za a buɗe makarantu. Za a ɗauki muryoyinmu muna darasi, a kai gidan rediyo, a kuma tura wa iyayen da suke da babbar waya ta WhatsApp. Ya ce kowace malama ta kira iyayen 'yan ajinta ta ji wa yake da rediyo, wa yake da waya. Ni dai na san amsar tun kafin in kira. Yawancin iyayen yarana direbobi ne da 'yan dako da masu talla, mutanen Katsina da Zamfara da suka zo neman abinci. Wata uwa, Harira mai awara, da na kira ta cewa ta yi, "Malama, rediyon maigida ce, kuma batir ya yi tsada. Amma ki faɗa mini lokacin, zan tara su ko da bulala." Wannan maganar ce ta sa na ji ba zan iya janyewa ba.

Da sakataren ya ce ga wanda zai kula da ɗaukar murya, sai na ga mutum ya miƙe daga bayan ɗaki cikin shuɗin yadi da hula zanna. Ko da takunkumi na san wannan tsayuwar. Sharhabil ne. Kafin in zauna daidai wayata ta yi motsi a jaka.

"Malama, ashe ɗalibata za ki zama."

Na rubuta masa, "Malam ka kama kanka, a wurin aiki muke."

Ba zan ɓoye muku ba, daɗi na ji. Tun da aka sa kulle ban sa shi a ido ba.

A gida kuwa ba a ji daɗi ba. Mama tana tankaɗen gari a tsakar gida na gaya mata, ta ajiye rariyar ta dube ni.

"Kowa yana gudun waje ke kina neman hanyar fita. Kin manta da mahaifinki?"

Ban manta ba. Baba yana da ciwon suga, ga asma da take tashinsa ko turare aka cika a ɗaki. Tun da ya yi ritaya abin shaƙarsa ba ya barin aljihun rigarsa.

Yaya Alhassan ya fito daga ɗaki yana danna waya. "Mama, ki tambaye ta waye zai ɗauki muryar. Wannan ɗan Kanon ne. Mutumin da har yau bai turo manyansa ba, kullum sai an ga hali, sai an ga hali."

"Yaya, aiki ne aka ba ni."

"Aiki ne ya sa kika fito da atamfar Sallah?"

Ta Sallar ce kuwa. Mama ta ɗora da abin da ta saba, cewa sa'o'ina duk suna ɗakin mazajensu, in yaron nan da gaske yake ya turo, in ba haka ba ya ba wasu wuri. Baba yana zaune a kujerarsa ta roba yana jin mu, sai da kowa ya gama ya ce, "Yaran mutane suna zaune a gida ba karatu. In an ce ta je ta koyar, ta je. Amma Hafiza, in kin dawo ki tsaya a bakin famfo ki wanke hannu da fuska, ki cire hijabin a can, kafin ki shigo inda nake."

Na ce, "To Baba, in sha Allahu."

Ɗakin da aka ware mana a ofis ƙarami ne, da can wurin ajiyar littattafai. Sharhabil ya rufe tagar, ya rataya barguna a bango don kada ƙarar waje ta shiga, ya kashe fanka saboda ita ma tana shiga murya. Tebur ɗaya, kujera biyu, kwamfutarsa, da makirufo guda ɗaya da duk malamai muke karɓa-karɓa. Ranar farko sau uku ina maimaita darasin ninkawa yana girgiza kai.

"Malama, kamar daga cikin tulu kike magana. Yaro a Rigachikun da tsohuwar rediyo ba zai ji ki ba. Takunkumin nan ne."

"An ce kada mu cire."

"Daga ni sai ke a ɗakin. Ni kuma daga gida sai nan."

Na cire. Muryata ta fita tar. Ya koya mini in riƙa yin tambaya in yi shiru kamar yaran suna gabana. In ce, bakwai sau takwas nawa ke nan, in dakata, sannan in ce madalla, alhali ba wanda ya amsa sai bargo. Ranar farko abin ya ba ni dariya. Daga baya in na yi shirun nan fuskokin yarana nake gani, har da masu zama a layin baya suna ƙirga da yatsun ƙafa.

Muna cikin haka azumi ya kama. A makon farko sai Sharhabil ya ɓace. Wani malami ya riƙe masa kwamfutar. Na kira, waya a kashe. Da ƙyar saƙo ya shigo, "Wani uzuri ne ya taso, zan yi miki bayani." Na ɗauka maganganun Yaya Alhassan ne suka kai kunnensa ya yi fushi. Na yi kuka a banɗaki don kada Mama ta gani.

Ranar Litinin ya dawo. Ya rame, idanunsa sun yi ja, hular ma a karkace. Na ce lafiya, ya ce azumi ne da rashin barci. Muka shiga ɗaki, ya rufe ƙofa, na cire takunkumi kamar kullum. Shi ma nasa yana ƙasan haɓa. Ya matso ya gyara mini makirufo, har ina jin numfashinsa a goshina. Ina tsakiyar darasin rabawa ya yi tari, muka sake daga farko. Ya ƙara yi, na ce, "Malam, yara za su ɗauka tarin ma yana cikin lissafin." Ya yi murmushin da bai kai ido ba. Da za mu tashi ya miƙo mini leda.

"Dabino ne, ki kai wa Baba ya sha ruwa da shi."

Na tsaya a bakin famfo na wanke hannu da fuska, na cire hijabi, duk yadda aka ce. Da aka kira magariba ni da hannuna na zuba dabinon a faranti na kai wa Baba. Na zauna kusa da shi ina firfita masa kunu.

Ranar Alhamis da la'asar ina kicin ina suyar ƙosai, wayata tana kan buhun shinkafa, ta yi ƙara. Na goge hannu a zani na duba. Dogon saƙo ne.

"Hafiza, ki yafe mini. Kwanakin da ban zo ba Kano na je. Mahaifina ne ya rasu, kwana biyu ya yi yana zazzaɓi da numfashi sama-sama. An rufe iyakar jiha, sai na bi ta daji a kan babur. Ni na yi masa wanka da hannuna. Na kasa gaya miki don na san za ki ce kada in zo aiki, kuma na san Yaya Alhassan zai samu abin faɗa. Tun daren Litinin nake zazzaɓi, yau ko turare ba na jin ƙamshinsa. Na kira ma'aikatan lafiya sun zo sun ɗauki gwaji. Sun tambaye ni waɗanda na zauna da su. Na ba su sunanki."

Na karanta, na sake karantawa. Ƙosai ya ƙone a cikin mai ban sani ba, sai da Mama ta ɗaga murya daga ɗaki tana tambayar me yake ƙauri. Na zauna a kan turmi. Abin da ya fara zuwa raina ba Sharhabil ba ne, ba ma mahaifinsa da ya rasu ba, Allah ya ji ƙansa. Baba ne. Na shiga lissafa duk inda na taɓa tun Litinin. Kofinsa na shayi. Carbinsa da na ɗauko masa daga kan darduma. Jiya ma ni na shafa masa man zafi a ƙafa.

Zuciyata ta ce in yi shiru. Ai lafiyata ƙalau, ba zazzaɓi ba tari. In na faɗa, Yaya Alhassan ya samu sandar dukan Sharhabil har abada. In ban faɗa ba, wa zai sani? Na tashi na ɗauki farantin ƙosai zan kai falo, sai na hango Baba ta taga ya ciro abin shaƙarsa yana girgizawa. Na ajiye farantin a ƙasa.

Na sa takunkumi, na tsaya can ƙarshen tsakar gida kusa da igiyar shanya, na kira su. Mama ta fito tana ɗaura ɗankwali, ta nufo ni.

"Mama, don Allah tsaya daga nan."

Ta tsaya. Na karanta musu saƙon. Da na kai wurin wankan gawa Mama ta dafe bango tana salati a hankali. Yaya Alhassan bai yi ihu ba, da ma ya yi da ya fi mini sauƙi.

"Kin cire takunkumi a ɗakin?"

"Na cire."

"Kullum?"

"Kullum, Yaya. Murya ba ta fita da shi."

"Murya." Ya gyaɗa kai. "Mutum ya san daga inda ya fito, ya kulle ki a ɗaki ba iska, ya ba ki abinci ki kawo wa mai asma. Wannan ne mijin da kike so mu karɓa."

"Mahaifinsa ne ya rasu."

"Shi ya sa yake so namu ma ya bi shi?"

Mama ta ce, "Alhassan, bakinka." Sai ta juyo gare ni, idonta cike da hawaye. "Ke kuma daga yau kada in ƙara jin sunan yaron nan a gidan nan. Ban taɓa hana ki shi ba, turowa kawai na ce ya yi. Yau na hana."

Baba bai ce komai a kan Sharhabil ba. Cewa ya yi a share ɗakin baya, wanda muke ajiye tsofaffin akwatuna da keken ɗinkin Mama, in koma can. Ya ce, "Allah ya ji ƙan mahaifinsa. Ke kuma kin kyauta da kika faɗa." Wannan kalmar ce ta fi sa ni kuka.

A ɗakin nan nake rubuto muku. Katifa ce a ƙasa, da buta, da bokiti, da kwano ɗaya da cokali ɗaya da aka ware mini. Mama tana ajiye abincin buɗa baki a bakin ƙofa ta ƙwanƙwasa ta ja da baya. Ina jin takunta ba ya nisa, tsayawa take a bayan bango tana sauraron ko zan yi tari. Ni ma abin da nake yi ke nan daga ciki. Ko gyaran murya Baba ya yi a falo sai gabana ya faɗi. Sau nawa nake buɗe kwalbar man shafawa in shinshina don in tabbatar hancina yana aiki, ni kaina ban sani ba.

Na kira Hajiya Balaraba na gaya mata. Ta ce an riga an rufe ɗakin ɗaukar murya, duk malaman da suka yi amfani da makirufon an ce su zauna a gida. Tsoro ya ƙara kama ni, don a cikinsu akwai mai tsohon ciki.

"Amma darasi ba zai tsaya ba, Malama. Mako mai zuwa za a fara sakawa a rediyo, kuma na 'yan aji huɗu bai cika ba. In kina da ƙarfi ki ɗauka da wayarki ki turo."

"Hajiya, a nan kaji da ƙarar injin maƙwabta za su shiga."

"Ki lulluɓa da bargo."

Haka nake yi. Da hantsi, cikin zafin nan da azumi a baki, in shige ƙarƙashin bargo da waya da littafi, gumi yana ɗiga a kan shafi. In ce, yara ku buɗe littafinku, in yi tambaya, in yi shiru. A cikin shirun nan babu abin da nake ji sai bugun zuciyata.

Sharhabil ya yi ta kira ban ɗauka ba. Haushinsa nake ji. Amma kuma duk sanda wayar ta daɗe ba ta yi ƙara ba sai in kama duba ta. Ku gaya mini, ya ake yi mutum ya ji haushin wani kuma yana tsoron kada ya mutu?

Jiya da rana saƙon murya ya shigo. Na daɗe ina kallonsa kafin in danna. Muryarsa ta dushe, yana tsayawa tsakanin kalmomi yana jan iska.

"Hafiza, sakamako ya fito. Ina da ita. Ga motar ma'aikatan lafiya nan za su tafi da ni inda ake killace mutane. Gobe za su zo gidanku. Ban ce ki yafe mini yanzu ba. Ki dai gaya mini ya jikin Baba."

Na rubuta, "Lafiyarsa ƙalau." Na rubuta, "Allah ya ba ka lafiya," na goge, na sake rubutawa, na tura.

Da na gaya musu ta bayan ƙofa, Yaya Alhassan ya ce ba wanda zai shigo gidan nan da fararen kaya. "Kin san abin da zai biyo baya? Layin nan kaf za su guje mu. Mai kanti ba zai karɓi kuɗinmu ba, mai ruwa ba zai tsaya a ƙofarmu ba. In sun zo ni zan fita, in ce tana wurin gwaggonta a Rigachikun."

"Yaya, ƙarya ce fa."

"Ke ba ki da bakin magana a nan."

Mama ba ta goyi bayansa ba, ba ta kuma hana shi ba. Baba yana ɗaki, ban ji muryarsa ba duk yinin. Abincin da aka kai masa da magariba na ji Mama tana cewa ko rabi bai ci ba.

Yau da safe ina ƙarƙashin bargo na ji tsayuwar mota. Na yaye, na leƙa ta ƙaramar tagar da take kallon ƙofar gida. Farar mota ce, mutum uku suka sauko, an rufe su tun daga kai har ƙafa, ba ka ganin komai sai ido a bayan gilashi. Tuni maƙwabta suka fara leƙowa ta saman katanga. Matar gidan da ke kallon namu ta janye 'yarta ciki ta rufe ƙofa har da sakata.

Aka ƙwanƙwasa. Yaya Alhassan ya fito yana gyara wuyan riga, ya nufi ƙofa da sauri. Bai kai ba na ji muryar Baba.

"Alhassan, dawo."

Baba ne tsaye a bakin falo, cikin farar jallabiyarsa, ya sa hula, ya ɗaura takunkumi. Ban taɓa ganinsa da takunkumi a cikin gida ba. Yana tafiya a hankali yana dafa bango.

"Baba, ka bari in sallame su."

"Gidana ne. Ban taɓa cewa ba na nan alhali ina nan ba, ba kuma za a fara da 'yata ba."

Ya zare sakata da kansa. Suka yi sallama ya amsa, ya ja da baya ya ba su hanya. Mace ce a gabansu, na gane daga muryarta. Ta ce suna neman Malama Hafiza. Na fito na tsaya a ƙofar ɗakina.

"Ga ta can," in ji Baba. "Amma ku duba mu duka."

"To Alhaji, bari mu fara da ita, tunda ita ce ta zauna da mai cutar."

Baba ya jawo kujerarsa ta roba ya zauna a tsakiyar gida. Bai dubi Mama ba, bai dubi Yaya Alhassan ba. Ni ya duba, irin kallon da yake mini tun ina ƙarama in zai faɗi abin da ya san zai sa ni kuka.

"A'a, 'yata, ku fara da ni," ya ce wa matar. "Tun shekaranjiya ba na jin ɗanɗanon abinci."